Jawabin da ɗanmu ma'aikacin asibiti ya yi a taron ƙungiya kan gaɓoɓin jiki

Kun ce in yi magana kan ciwon gwiwa da na baya, to sai mun fara sanin yadda Allah ya shirya gaɓa.

Babban mutum yana da ƙashi 206. Inda ƙashi ya gamu da ƙashi, nan ne gaɓa. Ran layya, in ana fiɗar rago, ku duba gwiwarshi. Za ku ga kan ƙashin da farin abu mai santsi, shi ne guringuntsi. Za ku ga ɗan ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa, shi ne man gaɓa. Sannan ga jijiyoyi masu tauri da suka ɗaure ƙasusuwan kamar igiya. Namu ma haka suke. Gwiwa tana buɗewa tana rufewa kamar ƙyaure. Kafaɗa kuwa kan ƙashi ne mulmulalle cikin ƙoƙo marar zurfi, shi ya sa take juyawa ko'ina, shi ya sa kuma ta fi saurin gocewa.

Abin da nike so ku riƙe shi ne, guringuntsi ba shi da hanyar jini. Fata in ta yanke tana warkewa, ƙashi in ya karye yana haɗewa, amma guringuntsi in ya cinye ba ya komawa yadda yake. Saurayin da ke dako a Legas ko Abijan, buhu mai kilo 100 bisa wuya, ba ya jin komi yanzu. Sai ya manyanta ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, ruku'u da sujada su gagare shi. Ba na ce ku bar neman abinci ba. Amma in za ku ɗaga kaya, ku durƙusa, ku jawo shi kusa da jiki, ku miƙe da ƙarfin cinya. Buhun da ya fi ƙarfin mutum guda, a kama shi mutum 2, ba abin kunya ba ne.

Ku kuma iyayena, kwanciya ba magani ba ce. Da motsi gaɓa ke samun abincinta daga ruwan nan. Ko tafiya zuwa bakin kasuwa ce, a yi ta kullum.

Maɗoranmu sun san aikinsu, ban raina su ba. Amma na ga yaron da aka ɗaure wa hannu tamau da kara, sai da yatsu suka yi baƙi aka kawo mana shi, dole aka yanke. In yatsu sun yi sanyi, ko sun kumbura, ko sun mutu, a kwance ɗaurin nan take. Gaɓar da ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, wannan ba targaɗe ba ne, mai yiwuwa mugunya ce a ciki, kuma cikin ƴan kwanaki take cinye guringuntsi. Kada a tsaga, kada a yi ƙaho, kada a jira ranar kasuwa. A kai shi asibiti ran nan, ko da a amalanke ne.