Kakata Ƴar Kudu

Ɗaliban yaƙi da jahilci na Tanut da Belbeji, barkanku da war haka. Yau ba za mu yi lissafi ba. Labarin kakata zan ba ku, wadda Allah Ya yi wa rasuwa bara bayan girbi.

Mutuniyar ƙasar Magarya ce. Aure ya kawo ta Damargu tana yarinya, bisa takarkari, kuma har ta bar duniya Ƴar Kudu ake ce mata. A garinsu ruwa kusa yake. Nan kuwa ta tarar da rijiya mai zurfi, sai da dabba ake jan guga. Ta ce wata guda ta yi tana kuka, sannan ta share hawaye ta ɗauki tulu.

Ba ta da takardar haihuwa. In ka tambaye ta shekarunta, sai ta ƙirga maka da yunwa. Tana goye aka yi shekarar fara, wato 1931. Farin 1973 ya kashe shanun gidan. Amma wadda ta fi ba mu labari ita ce yunwar 1984, da ake kira El Buhari, don a lokacin Najeriya ta rufe iyaka, hatsi ya yi wuyar shigowa. Maza suka watse cin rani. Ita ta zauna da yara, jikokinta da na kishiyarta, tana dafa musu anza. Ku mutanen Damargu kun san anza: sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, ana sauya ruwa, kafin ɗacin ya fita. Irin gero kuwa ta zuba shi a tulu da toka, ta liƙe bakin da laka, ta binne ƙarƙashin gadonta. Yara na kuka, ba ta tona ba. Wasu suka ce ba ta da tausayi. Da ruwa ya sauka a 1985, maƙwabta wajenta suka zo neman iri.

Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Ɗanta ya aiko wasiƙa daga Arlit, ta kai wa wani ya karanta mata. Kafin magariba gari duka ya san kuɗin da ke tafe, masu bin bashi sun cika ƙofar gida. Shi ya sa da aka zo rubuta yara lakkol, ita ta kama hannuna ta kai ni, ko da yake baba ya so in bi awaki.

Ni kuwa na yi sakaci. Ban fara rubuta zancenta ba sai da mantuwa ta kama ta. Cikin kakanninta na Magarya, sunan biyu kawai na samu.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya je wurin tsohuwar gidansu, ya tambaye ta garin da aka haife ta da sunan uwarta. Ku rubuta a littafinku, ku kai wa malaminku ya duba. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.