Jinin da ke kan asuwaki



Yau maganarmu a kan dasashi take. Ka yi asuwaki da asuba, ka tofar, sai ka ga jini. Da yawanmu mukan ce ba komai. To, da komai. Dasashi mai lafiya ba ya jini.

Ga abin da ke faruwa. Ragowar tuwo da shayi mai sukari na maƙalewa a gindin haƙori. Ƙwayoyin cuta su taru a wurin. Dasashi ya kumbura, ya yi ja, baki ya fara wari. In an bar dattin, sai ya daskare kamar dutse, asuwaki ba ya iya cire shi. Daga nan haƙori ya fara girgiɗi.

Maganin farko yana hannunka. Goge baki safe da dare, musamman dare, kafin kwanciya. Da asuwaki ko buroshi mai laushi, a hankali, har inda haƙori ya haɗu da dasashi. Ganin jini kada ya sa ka daina gogewa. Kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. A bar dirzar haƙori da gawayi ko toka.

Mai juna biyu da mai ciwon suga, ku ne abin ya fi kamawa, ku ƙara kula.

In mako biyu ya wuce jinin bai tsaya ba, a je asibiti. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori.

Iyaye, ku duba bakin yaranku yau da daddare.