Jawabi Kan Maganin da Ya Wuce Ƙima da Bugun Zuciyar Yara

Iyayenmu mata, yayye da ƙanne, barkanmu da zagayowar wannan rana ta ƙungiyarmu. Mun gama lissafin adashi da ribar bana, to bari mu taɓo wani lissafin da ya fi su nauyi, wato awon maganin da muke ba 'ya'yanmu.

Zuciya tana bugawa ne bisa wani tsari da Allah ya saka mata, kamar luguden mata a turmi ɗaya. Wasu magunguna idan suka yi yawa sai su rikita wannan tsarin, bugun ya yi sauri, ko ya yi sanyi, ko ya tsaya cak. Jikin yaro ƙarami ne, abin da babba zai sha ya tafi gona, shi yana iya kai shi kabari.

Na farko kulorokwin. Tun 2005 Najeriya ta daina sa shi gaba wajen maganin zazzaɓin cizon sauro, amma har yau ana samunsa a kemis. Ƙwaya biyu kacal na iya halaka ɗan shekara biyu cikin 'yan awoyi. Haka kwinin, da ƙwayoyin hawan jini na kakanni, da Phenergan da wasu ke ɗura wa yaro wai don ya yi barci. Ko maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa da damina, kowane yaro da nasa katin gwargwadon shekarunsa. Kada a haɗa na kwana uku a ba shi rana ɗaya.

To, me za mu gani? Amai, barcin da ba a saba ba, gumi mai sanyi, leɓe ya sauya launi, jijjiga ko suma. In an ga haka, ko an tarar yaro ya haɗiyi ƙwayoyi, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa masa yatsa ya yi amai. A ɗauki kwalin maganin a nufi asibiti, ko da yaron yana wasansa.

Mu a Dogon Dawa mun san hanyar Birnin Gwari da ta Funtua, mun san yadda fita da dare take. Saboda haka rigakafinmu yana cikin ɗaki: a kulle magani a akwati, a auna da murfin awonsa, a tambayi malamin asibiti kafin a ƙara.

Allah ya raya mana zuri'a, ya maimaita mana.