Motar Injekta Da Sanyin Hunturu: Jawabi Ga Direbobi Da Masu Mota

An nemi mu makanikai mu yi magana a kan wata matsala da ke dawowa duk shekara, wato yadda motar injekta ke ƙin tsayawa a silo da sassafe idan hunturu ya kama.

Kowa ya san sanyin Disamba da Janairu a nan ƙasar, daga Nguru zuwa Jajimaji har Gashuwa. Mai mota zai fito da asuba, fasinja sun cika, ana son a riski kasuwa, ko kuwa ga mai naƙuda za a kai asibiti. A yi kiyi ta tashi, a ɗage ƙafa daga totur ta mutu. A sake, a sake, har batir ya kwanta a koma turi. Amma da rana ta ɗaga, sai ta yi lafiya lau kamar ba ita ba. To, abu na farko da muke roƙo shi ne wannan: ciwon safe, da safe ake gane shi. Wanda ya kawo mota gareji da azahar injin da zafi, ya kawo ta ne bayan ciwon ya ɓuya. A bar ta ta kwana wurin makaniki, ya tashe ta da hannunsa, ya ji da kunnensa.

Yawancinmu da Fijo 504 ta Kaduna muka saba, mai kafireta, wadda in sanyi ya yi sai a ja cok. Motocin Beljiyam da suka cika tashoshinmu, irin su Golf 3 da ta fito a 1991 da Carina E ta 1992, ba su da cok ɗin da direba zai ja. Ƙwaƙwalwar motar, wadda muke kira birenbos, ita ke yin wannan aiki. Fetur ba ya saurin zama tururi a cikin injin mai sanyi, saboda haka sai ta ƙara mai, ta ƙara iska, ta ɗaga silo zuwa wajen 1,200, sannan ta sauke shi a hankali zuwa wajen 800 idan injin ya ɗumama. Amma ƙwaƙwalwar nan ba ta da ido. Abin da aka gaya mata kawai take aiki da shi. In aka yi mata ƙarya, ita ma sai ta yi wa injin ƙarya. Aikin makaniki shi ne ya gano wa ke yi mata ƙaryar.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi. A duba batir da kawunansa. Lafiyayyen batir yana nuna 12.6 a mita kafin a yi kiyi. In ya faɗi ƙasa da 10 lokacin da ake kiyi, to sai an gyara wannan tukuna kafin a zargi wani abu. A duba iyakilina, domin ƙurar hunturu ba ta da sabo. A duba ruwan lagireto, ya cika ko bai cika ba.

Daga nan sai a saurari irin alamar. Idan mota ta tashi, amma ba ta tsayuwa sai da ƙafa a kan totur, galibi datti ne. Akwai wata 'yar hanya da iska ke bi idan totur yana rufe, da wani bawul da ƙwaƙwalwa ke buɗewa da rufewa. Ƙura ta haɗu da tururin baƙin mai, sai su zama danƙo su toshe wurin. Wanki ne maganinsa, da ruwan feshin wanke kafireta. Kada a taɓa sukurun da kamfani ya ɗaure a jikin totur don a ɗaga silo. Wanda ya yi haka ya rufe ciwo ne, kuma zai biya a gidan mai.

Idan kuwa silo yana hawa yana sauka shi kaɗai, a nemi inda iska ke satar shiga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafin bazararmu yana busar da tiyon roba, sanyi ya zo ya tsattsaga shi. Da safe tsagar a buɗe take, in injin ya yi zafi sai robar ta yi laushi ta rufe, shi ya sa matsalar ke ɓacewa da rana. A kasa kunne a ji ko akwai shiii, a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya ana matsewa da hannu. Kada a riƙa watsa fetur a kan injin yana aiki da sunan gwaji, wuta ba ta neman izini.

Yanzu ga babbar magana. A kusa da inda tiyon lagireto ya shiga injin akwai wani ɗan ƙaramin sansa, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa zafin ruwa. In ya lalace ya ce injin da zafi alhali da sanyi, mota ba za ta sami ƙarin man safe ba, sai wahalar tashi da mutuwa. In ya ce da sanyi alhali da zafi, sai baƙin hayaƙi a salansa, da warin fetur, da fulogi baƙi ƙirin. Ba a sai an yi canki-canki ba, ana auna shi. Irin na Bosch da ke cikin motocin Jamus yana nuna wajen om 2,500 idan ruwa yana kan digiri 20, ya sauko wajen 300 a digiri 80. Sau da yawa ma sansan lafiyarsa ƙalau, soket ɗinsa ne ya yi tsatsa.

Wannan ya kawo mu ga wata al'ada da ta zama ruwan dare. Da mota ta iso daga Kwatano, sai a ce ƙasarmu da zafi, a cire tamostat a yar, a haɗa fanka kai tsaye. Tamostat shi ke tsare ruwa a cikin injin har ya kai digiri 80 da wani abu, sannan ya buɗe. In babu shi, a safiyar hunturu mota za ta tashi daga Nguru ta wuce Jajimaji allurar zafi ba ta motsa ba, ƙwaƙwalwa kuwa tana ta zuba mai tana jiran ɗumin da ba zai zo ba. Man da ya yi yawa yana wanke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, ringi ya cinye kafin lokacinsa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wa ke da man da zai yi wannan kyauta da shi? Motar da ke zafi, lagiretonta ko fankarta ko famfon ruwanta ne ke neman gyara. A gyara su, a mayar da tamostat.

Sauran alamomin a taƙaice. In injin yana karkarwa na minti ɗaya ko biyu sannan ya daidaita, a duba fulogi da wayoyinsu. Da duhun asuba har tartsatsin wutar ana gani a jikin waya mai yoyo. In ana daɗewa ana kiyi, a murɗa makulli sau uku ba tare da tayarwa ba, a ji kukan famfon mai. In ta tashi nan da nan bayan haka, mai ne ke komawa tanki da dare. Yawo da tanki a ƙasa yana kashe famfo, man jarka kuma ba a rasa shi da ruwa ko yashi. In kuwa farin hayaƙi bai yanke ba bayan injin ya ɗumama, ruwan lagireto kuma yana raguwa, a ajiye motar, wannan maganar gasket ce.

Mun san za a ce a huta, a cire injekta a ɗora kafireta. Kafin mutum ya yarda, ya tambayi makanikinsa abu uku: ka tashe ta da sanyi? Ka auna sansan ruwa? Ka nemi inda iska ke shiga? In amsar a'a ce, to ba a gwada injektar ba tukuna, balle a yanke mata hukunci. Matasanmu da ke koyon aiki kuma muna ba su shawara su mallaki mita su koyi karanta ta, kuɗinta bai kai na birenbos ɗin da ake canzawa a banza ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san motarsa ta ba shi wahala bara, ya kawo ta tun Nuwamba. Masu tambaya, ga fili. Allah ya kiyaye hanya, ya ba kowa sa'a.