Mene Ne Asalin Kalmar Almajiri?



In muka ji an ce almajiri, yaro mai ƙoƙon bara ne yake faɗo mana a rai. Amma asalin kalmar ba bara ba ne. Daga Larabci muka aro ta, wato "almuhajir", wanda ya yi hijira ya bar garinsu. Bahaushe ya sa wa yaron da ya bar gida neman ilimi a gaban malam wannan suna. A Helenanci kuwa, harshen Sabon Alkawari, kalmar ita ce "matetes", wato mai koyo. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, ya ce almajiri. An kuwa dace, gama kalmar ta haɗa barin gida da zaman koyo.

Bitrus da Andarawas sun bar tarunansu a bakin Tekun Galili. Yakubu da Yahaya sun bar mahaifinsu Zabadi a jirgi. Matiyu ya tashi daga wurin karɓar haraji. A Antakiya ma, almajirai ne aka fara kira Kirista. Ashe almajiranci ya riga sunan.

To, mu fa? Muna da sunan baftisma, muna zuwa sujada, amma me muka bari? Gaba da ɗan'uwa? Laya ƙarƙashin matashi? Mudu biyu a kasuwa? Wanda bai tashi ba, bai soma bi ba.

Mu yi addu'a. Ya Yesu Malaminmu, ka nuna mana abin da za mu bari yau, ka ba mu ƙarfin bin ka. Amin.