Jarba, Tsibirin da Ke Gaɓar Tunisiya

Tsibirin Jarba, wanda ke kudu maso gabashin Tunisiya a cikin Bahar Rum, bai yi suna a ƙasar Hausa kamar Tarabulus ba, duk da cewa hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. Manomin Bakori da ya isa can zai tarar da kuskus, wato tsakin alkama da ake turarawa kamar dambu, ana cin sa da kifi da man zaitun, yayin da maginan tukwane na ƙauyen Gallala ke haƙo yumɓu daga ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya fi cancantar ziyara shi ne fararen masallatan mabiya mazhabar Ibadiyya, waɗanda aka gina wasunsu da katanga mai kauri domin su zama mafaka idan maharan teku suka kawo farmaki.