Wake ba ya gudu: mu daina sayarwa da gaggawa

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Magarya da Dungas

Yau maganar wake na zo mu yi.

Dattawan da ke nan sun san zamanin gujiya. Gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen ta. A lokacin, gujiya ce kuɗin haraji, ita ce kuɗin aure. Sai fari ya zo a 1973, cutar gujiya ta biyo baya a 1975. Daga nan manoma da yawa suka koma ga wake. Yau wake ne ke shigo mana da kuɗi. Ana loda shi a kai Maigatari, kasuwar Alhamis, har ya kai Dawanau ta Kano.

To, ga tambaya. Wane ne ke cin ribar wakenmu? Manomi yana sayarwa da kaka, lokacin da kowa ya kawo nasa, tiya ta yi araha. Ɗan kasuwa yana ajiyewa, ya sayar da bazara, lokacin da ta yi tsada. Wani manomin ma sai ya koma ya sayi iri da tsada wajen wanda ya sayar wa.

Masu bincike sun shiga ƙauyuka, sun tambayi manoma dalili. Amsa biyu suka fi ji. Ta farko ƙwari: in an ajiye wake wata biyu ko uku, sai ya zama gari. Ta biyu bukatar kuɗi: bashi, ciwo, biki.

Maganar ƙwari an samo mata magani. Malaman jami'ar Purdue ta Amurka sun yi aiki tare da ma'aikatar binciken noma ta ƙasarmu, INRAN. Tun daga 2007 aka fara yaɗa buhu mai ciki uku, wanda ake kira PICS. Leda biyu masu kauri ne a ciki, buhu ɗaya a waje. Ƙwaro ma numfashi yake yi kamar mu. In an ɗaure buhun da kyau, iska ta ƙare masa, sai ya daina ci, ya mutu. Ba a sa guba ko kaɗan.

Ga yadda ake yi. A shanya wake ya bushe sarai. A fece shi, a cire ƙaiƙayi da tsakuwa. A duba leda, kada a yi aiki da mai huda. A zuba, a matse iska ta fita. A ɗaure kowace leda daban, sannan a ɗaure buhun waje. A aza shi bisa itace, nesa da ɓera. Kada a riƙa buɗewa ana leƙawa.

Maganar kuɗi kuma, akwai jinginar amfanin gona. Ƴan ƙungiya suna tara wakensu a mangaza ɗaya. A sa kwado biyu: mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da rance. Kowa ya karɓi rance, ya biya bukata, ko ya yi kiwo, ko sana'ar rani. In farashi ya hau, a sayar, a biya rancen da abin da ya hau kansa, saura na mai wake.

Amma ba zan ɓoye muku ba. Ba kowace shekara farashi ke hawa ba. Kun tuna Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. An sake rufewa a 2023. In hanya ta toshe, ko naira ta faɗi, lissafi yana canjawa. Don haka kada mutum ya ajiye duka, kada ya sayar duka. A raba gida biyu ko uku.

A nan karatunmu ke da amfani. Kowa ya ware shafi ɗaya a littafinsa. Ranar kasuwa ya rubuta wata, ya rubuta kuɗin tiya. Mai salula ya kira ɗan uwa a wata kasuwa kafin ya ɗaura wa amalanke. Bayan shekara guda za ku ga da idonku watan da ya fi. Wannan ma bincike ne, kuma naku ne.

In malamin gona ya zo, kada ku ce "to" kawai. Ku nuna masa littafin. Ku ce ya ɗaure buhu a gabanku. Ku tambaye shi inda ake samun na gaskiya. Ku kira mata su zo su gani, don wake da yawa a hannunsu yake.

Allah ya sa mu ci guminmu.